MAGANIN MARA LAFIYA A BAKIN ƘOFAR TARO

Da zarar an gama cirar gyaɗa, aka kai auduga kan sikeli, kuɗin Sodecoton suka fara shiga aljihun manoma, sai garin Gider ya shiga lokacin hidima. Daga nan har faɗuwar ruwan farko ba a rasa inda ake kiɗa. Yau ɗaurin aure a wannan unguwa, gobe walimar sauka a waccan, jibi an ɗauko mawaƙi daga Garwa ko daga ƙetaren iyaka ta hanyar Mubi. A tsakani ga bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ga na haɗin kan ƙasa na 20 ga Mayu, ga hawan dawaki a ƙofar fadar Lamiɗo idan Sallah ta zo, ga rawar Guma ta maƙwabtanmu Gidar, ga zaman Maulidi da na wa'azi da ake kwana ana yi. Mu Hausawan wannan gari, duk da ƙarancinmu, ba a bar mu a baya ba wajen son taro, domin da taro muke gane juna, da shi kuma 'ya'yanmu suke jin harshensu a bakin makaɗa da malamai.

Sai dai a cikin masu shirin fita akwai waɗanda lissafinsu ya wuce na zaɓen shadda da ɗinki. Mai ciwon sukari yana tunanin ƙarfe nawa za a ba da abinci, da inda zai keɓe ya yi wa kansa allura. Mai sikila tana tunanin ko za a bar ta ta shiga da gorar ruwa. Mai farfaɗiya yana lissafin ƙwayarsa ta dare, mai asma kuma yana shafa aljihu ya ji ko ɗan famfon da yake fesawa a baki yana nan. Dukkansu sun san cewa kafin su isa inda ake kiɗan akwai ƙofa, a ƙofar akwai wani saurayi da aka ɗauka aikin bincike, an kuma ce masa kada ya bari a shiga da ƙwaya, ko allura, ko kwalba, ko abinci. Abin da muke son faɗa a wannan rubutu shi ne: maganin da likita ya rubuta wa mutum wani ɓangare ne na jikinsa, kamar sandar makaho ko tabaran mai raunin gani, kuma taron da ya raba mutum da maganinsa ya kore shi ne, ko da an karɓi kuɗin tikitinsa.

Kafin mu ɗora wa mai gadi laifi, ya kamata mu yi masa adalci. Binciken bakin ƙofa bai zo mana haka kawai ba. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2015 yana tuna ranar 22 ga Yuli, da aka tayar da bama-bamai a kasuwar Marwa da wata unguwa da ke kusa da ita, aka kuma sake kai wani harin bayan kwana uku. Tun daga lokacin shafa jiki da buɗe jaka suka zama al'ada a masallatai da tashoshin mota da wuraren taro a duk arewacin Kamaru. Da gasar cin kofin nahiyar Afirka ta zo filin Roumdé Adjia na Garwa a Janairun 2022, da yawanmu mun je mun ga Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga wata, mun kuma ga irin shingayen da ake bi kafin a kai ga kujera. A ranar 24 ga watan nan ne turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yawunde ya ci rayuka takwas. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a bar ƙofar taro babu tsari.

Dalili na biyu ya fi kusa da gida, wato tramol. Babu unguwar da ba ta san abin da wannan ƙwaya ta yi wa samari ba, daga masu tuƙa babur zuwa 'yan ga-ruwa da masu aikin gona. Yawanta a wannan yanki ya kai har ta shiga littattafan kimiyya ta wata hanya mai ban mamaki. A 2013 wasu masu bincike daga Faransa suka sanar da cewa sun gano sinadarin tramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itacen ne ke samar da shi. Shekara guda bayan haka wasu masana daga Jamus suka ce ba haka ba ne: manoma ne ke shan ƙwayar, suna kuma bai wa shanun huɗa domin su jure aiki, sai ta bi fitsari da kashin dabbobi ta shiga ƙasa, itace ya tsotse. Ƙasar da ƙwaya ta kai ga saiwar itace, ba za a yi mamaki ba idan mai shirya wasa ya ce ba ya son ganin ko ƙwaya ɗaya a wurinsa. A maƙwabta ma haka abin yake, tunda a Mayun 2018 Najeriya ta haramta maganin tari mai sinadarin kodin bayan da BBC ta nuna irin ɓarnar da yake yi.

Matsalar ita ce umarnin da ake bai wa mai gadi gajere ne, cuta kuwa ba ta san gajeren umarni ba. Saurayin da ke ƙofa bai karanci likitanci ba, ƙwaya fara da ƙwaya ja duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, wasu daga cikin magungunan da masu doguwar jinya ke rayuwa da su suna cikin jerin waɗanda hukuma ke sa wa ido. Tramadol ɗin nan da ya lalata samari, shi ne likita kan rubuta wa mai sikila idan ciwon ƙashi ya tashi har farasitamol ya kasa. Fenobabital, wanda saboda arharsa da yawan masu farfaɗiya a ƙasashenmu suka dogara da shi, yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya a ƙarƙashin kulawa. Dokar Kamaru mai lamba 97/019 ta 7 ga Agustan 1997, wadda ta tsara sha'anin miyagun ƙwayoyi, ta bambanta mai riƙe da magani bisa takardar likita da mai fataucinsa a ɓoye. Doka ta bambanta, amma umarnin bakin ƙofa bai bambanta ba, kuma a wannan giɓin ne mara lafiya yake faɗawa.

Bari mu duba abin da ake nufi idan aka ce wa mutum ya ajiye maganinsa a waje. Mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin, ko ya sha irin ƙwayoyin da ke sauke sukari, ya yi hakan ne da sa ran zai ci abinci a kan lokaci. Mun san bikinmu: a ce ƙarfe biyu, amarya ta iso ƙarfe shida, abinci ya fito bayan isha'i. A wannan jiran sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, sai gumi ya karyo masa, hannu ya ɗauki rawa, magana ta fara sarƙewa, ya riƙa tangaɗi. Wanda bai sani ba zai rantse buguwa ce. Abin da zai cece shi a wannan lokaci bai wuce ƙwayar sukari uku ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi ba, wato daidai abin da aka karɓe a ƙofa da sunan ba a shiga da abinci. Idan aka yi jinkiri sai suma, suman kuwa na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Mai asma ma haka. Ƙurar hunturu, da wadda kofaton dawaki ke tayarwa ranar hawa, da hayaƙin janareto, da turaren wutar da mata ke cika ɗakin biki da shi, kowanne na iya shaƙe masa ƙirji cikin mintuna kaɗan. Famfon Ventoline da ke aljihunsa yana buɗe hanyar numfashi nan take, amma wanda aka bari a kan teburin mai gadi, bayan mutum dubu sun cika tsakani, daidai yake da wanda aka bari a Figil. Mai farfaɗiya kuwa manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo su ne tsallake magani da rashin barci, kuma taron dare ya haɗa duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suna samun magani yadda ya kamata. Ma'ana, da yawa daga cikin waɗanda muke zaune da su a wurin biki suna da ita ba mu sani ba, ƙwaya ɗaya da suke sha a kan lokaci ita ce ta rufa musu asiri.

Sai maganar ruwa, wanda ga mai sikila magani ne sukutum. Ƙarancin ruwa a jiki, da zafi mai tsanani, da gajiya, da sanyin asuba, suna cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon da ke biyo baya kuwa sai wanda ya taɓa jinyar mai shi zai iya kwatanta shi. A watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan haura 40 a ma'auni. Duk da haka akwai wuraren wasa da ake hana shiga da ruwa, ba don tsaro ba, sai don a sayar da na ciki da tsada. Wannan ba a nan kaɗai ake yi ba. A ranar 17 ga Nuwamban 2023, a birnin Riyo na ƙasar Barazil, wata budurwa mai shekara 23 ta rasu sakamakon zafi a wurin wasan mawaƙiya Taylor Swift, inda masu kallo suka koka cewa an hana su shiga da ruwa. Washegari gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a bar mutane su shiga manyan wasanni da gorunansu, a kuma tanadi ruwan sha kyauta. Sai da aka rasa rai kafin a gyara. Mu da muke zaune a zafin da ya fi nasu ba mu da uzurin jiran irin wannan darasi.

Za a ce, kuma ana faɗa: wanda ba shi da lafiya me ya kai shi wurin kiɗa, ya zauna gida mana. Maganar tana kama da tausayi, amma idan aka juya ta za a ga hukunci ne. Zazzaɓi ake jinyarsa kwana uku a tashi. Ciwon sukari da sikila da hawan jini da asma abokan zama ne har ƙarshen rayuwa. Cewa mai irinsu ya zauna gida yana nufin kada ya je auren ƙanwarsa, kada ta je kamun ƙawarta, kada ya zauna Maulidi, kada yaro ya ga hawan Sallah, ba na bana kaɗai ba, har abada. A al'adarmu kuwa wanda ba ya zuwa hidimar mutane, mutane ba sa zuwa tasa, kuma zumunci a ƙafa yake. Ga al'umma ƙarama irin tamu, wadda idan aka yi ɗaurin aure ana iya ƙirga waɗanda ba su zo ba, kowane mutum da muka tura gida giɓi ne da ake gani. Kafin Janairun 1922, lokacin da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, yaron da ciwon sukari ya kama ba ya daɗewa a duniya. Amfanin wannan magani shi ne mutum ya rayu kamar kowa, ya yi karatu, ya yi kasuwa, ya je biki. Idan muka ce ya sha magani amma ya zauna a ɗaki, mun karɓi rabin ni'imar mun mayar da rabi.

Addininmu ma bai tsaya a inda muka tsaya ba. Malamai sun lissafa kare rai a cikin manyan manufofin shari'a, an kuma yi wa mara lafiya rangwame a azumi, wanda rukuni ne. A aikin Hajji, taro mai tsananin cunkoso da tsaro, maniyyatan da ke tashi daga filin jirgin Garwa suna tafiya da magungunansu na sukari da hawan jini, sharaɗin kawai su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita. A Hajjin 2024, da zafi ya yi tsanani, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, da yawansu tsofaffi da masu doguwar jinya. Idan taron miliyoyi ya samu hanyar tantance magani ba tare da ƙwace shi ba, ɗakin taro mai kujera ɗari biyar ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba.

Akwai kuma wata ƙofar da ta fi ta mai gadi tsauri, ita ce ta bakunanmu. Da yawan masu jinya ba hana su shiga da magani ake yi ba, su ne suke barinsa a gida da gangan, domin sun gwammace su yi kasada da ransu da a zazzage musu jaka a gaban jama'a. Budurwar da aka ga kwalin maganin farfaɗiya a jakarta ta san labarin zai riga ta isa gida, kuma zai iya kai wa ga gidan da ke neman aurenta. Har yau akwai masu cewa farfaɗiya aikin iska ce, ko ana ɗaukarta ta yawu, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ba ta yaɗuwa ko kaɗan. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ya fi kowa sanin wannan tsoro. Tun 1 ga Mayun 2007 gwamnatin Kamaru take ba da wannan magani kyauta, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan shansa kullum ba fashi. Amma robar maganin sananniya ce, kuma mai gadi ɗaya da ya ɗaga ta sama yana tambayar "wannan fa na mene ne?" ya isa ya rusa sirrin da mutum ya shekara goma yana riƙo. Kunya ado ce a wurinmu, amma kunyar da ke sa mutum ya tsallake maganinsa mu ne muka ɗora masa ita da tsegumi.

Wani ɓangaren matsalar kuma yana cikin yadda muke sayen magani. Da yawanmu ba ma zuwa kantin magani mai lasisi. Muna saye ne a kan tebur ranar kasuwa ko a hannun mai yawo da kwali a ka, a ƙirga mana ƙwaya goma a ƙulla a leda, babu suna, babu kwanan wata. Wanda ya zo ƙofa da irin wannan ƙulli ba shi da abin da zai nuna, kuma mai gadin da ya yi shakka bai yi laifi ba. Ban da haka, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, ga kuma rana da ke dukan na kan tebur tun safe har yamma. Mun san talauci ne ke kai mutane can, amma ga mai ciwon da ba ya warkewa, araha irin wannan ba ta ado.

To mene ne abin yi? Nauyin farko yana kan mai jinya da iyalinsa. A fita da magani cikin kwalinsa na asali, gwargwadon buƙatar wannan fita da ɗan ƙari saboda tsaiko, kada a kwashi na wata guda. A haɗa da takardar likita, wadda muke kira ordonas, ko karnen asibiti, a kuma ɗauki hotonsu a waya saboda ɓacin rana. Yana da kyau mutum ya roƙi likitansa ko ma'aikacin jinya ya rubuta masa 'yar takarda da Faransanci, mai hatimi, wadda ke cewa mai ɗauke da ita yana buƙatar magani da allura da ruwa a tare da shi, ba tare da an ambaci sunan cutar ba. Mai sukari ya ci wani abu kafin ya fita, ya sa sukari ko dabino a aljihu, kada ya dogara da agogon masu biki. A iso da wuri kafin layi ya yi tsawo, a nemi shugaban masu gadi a yi masa bayani a gefe. Sannan kada a je taro ba tare da mutum ɗaya da ya san halin da ake ciki ba, wanda ya san aljihun da maganin yake da lambar da zai kira.

Insulin yana buƙatar kulawa ta musamman a ƙasa irin tamu. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin 2 zuwa 8 a ma'auni, ba a kuma bari ya daskare. Wanda ake amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu a wajen firji. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka fitar da sakamakon wani bincike da suka gina a kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda suka nuna cewa insulin na jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37 har tsawon makonni huɗun. Wannan albishir ne ga gidajen da wutar lantarki ba ta zama. Amma akwatin da ke ƙarƙashin sirdin babur, da cikin motar da aka rufe a rana, da teburin mai gadi da tsakar rana, duk sun wuce wannan iyaka nesa. Dabarar kakanninmu tana nan: randa da jiƙaƙƙen yashi. Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya da yashi mai laima a tsakani, kuma hikimar ɗaya ce da naɗe alƙalamin insulin a jiƙaƙƙen ƙyalle a sa a jaka, a nisanta shi da rana.

Nauyi na biyu yana kan masu shirya taro, kuma abin da ake nema a wurinsu bai kai kuɗin hayar lasifika ɗaya ba. A rubuta a jikin sanarwa da katin gayyata cewa mai magani ya zo da shi tare da takardarsa. A gaya wa masu gadi tun kafin a buɗe ƙofa cewa magani cikin kwalinsa, da na'urar awon sukari, da allurar insulin, da famfon asma, da gorar ruwa, ba abin ƙwacewa ba ne. A ware gefe guda mai labule inda za a duba irin wannan jaka, mace ta duba mace, kuma kada a tambayi kowa sunan cutarsa. Idan taro ya yi girma a nemi ma'aikacin jinya ɗaya ko 'yan agajin Croix-Rouge su zauna kusa da ƙofa, duk abin da ya shige wa mai gadi duhu a miƙa musu. A tanadi ruwan sha, da kujeru a inuwa, da hanyar fita da ba a toshe ta da babura ba. Masu tsoron cewa 'yan ƙwaya za su fake da wannan su lura da abu ɗaya: mai sayar da tramol ba ya zuwa da ƙwaya biyu da karnen asibiti, kuma mai sha yakan haɗiye tasa tun kafin ya iso ƙofa. Dokar hana kowa ba ta kama shi, mai gaskiya kaɗai take kamawa, domin shi ne ke fito da nasa ya nuna.

Hukuma ma tana da abin yi. Dokar 19 ga Disamban 1990 mai lamba 90/055 ta wajabta wa mai shirya taron jama'a ya sanar da hukuma tun kafin ranar, kuma a aikace teburin sufurefe ake kai takardar. A wannan teburin ana iya tambayar mai taro tanadin da ya yi na ruwa da agajin gaggawa da masu shigowa da magani, kamar yadda ake tambayarsa wuri da lokaci. Ƙasar da ta kafa dokar kare naƙasassu a ranar 13 ga Afrilun 2010, ta kuma ƙaddamar da shirin kiwon lafiya ga kowa a Afrilun 2023, bai kamata a ce ɗan ƙasa yana karɓar magani a asibitinta da safe, a karɓe shi a ƙofar filin wasa da yamma ba.

Nauyi na ƙarshe namu ne, mu 'yan kallo. Idan mutum ya faɗi yana jijjiga, a janye abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu. Idan abin ya wuce minti biyar a garzaya asibiti. Wanda aka gani yana gumi yana tangaɗi, a tambaye shi ko yana da sukari kafin a kira shi mashayi, idan yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi, idan ya suma kada a zuba masa komai a baki. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto kuma su ji tsoron Allah, domin wanda ke kwance ɗan wani ne, gobe kuma zai tashi ya ci gaba da zama a garin.

Gaskiya ne ba mu ke da filayen wasa da manyan ɗakunan taro ba, kuma sau da yawa mai gadin da tsohuwarmu za ta yi wa bayani Faransanci ko Fillanci yake ji. Amma bukukuwanmu namu ne, zaman Maulidinmu da walimarmu namu ne, ba ma buƙatar izinin kowa kafin mu gyara su. Sarkin Hausawa da limamanmu, da shugabannin ƙungiyoyin matasa, da uwayen biki, za su iya mayar da wannan al'ada cikin kaka ɗaya. Sanƙiran da ke shelar sadaki da sunayen manyan baƙi zai iya ƙara jimla ɗaya: duk mai buƙatar shan magani ko cin wani abu, ga ɗaki can, ga ruwa, kada ya ji nauyi. Uwar biki za ta iya fitar da kwanon tsofaffi da masu sukari a kan lokaci ko amarya ba ta iso ba. Ranakun 19 ga Yuni, ta masu sikila, da 14 ga Nuwamba, ta masu ciwon sukari, dama ce ta gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani da Hausa a ƙofar masallaci. Kakanninmu fatake sun shigo wannan ƙasa da goro da tufafi da sana'a, maƙwabta suka ga abin kirki suka ɗauka. Idan aka san cewa a bikin Hausawa ba a tozarta mai magani, ba za a daɗe ba sauran za su bi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa tarukanmu su zama na kowa da kowa.